Kira Daga Cikin Randa

Sawakin, ƙasar Sudan,
farkon Satumba.

Zuwa ga ƙanwata Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mannir da 'yan biyun nan naki masu cika wa mutum kunne. Yaya ƙafar Inna a Tsafe, ta saki? Iya fa, tana can Bungudu tana mulkinta? Ni lafiyata ƙalau, sai dai baƙin da na ƙara, wanda ko ke sai kin duba sau biyu kafin ki gane ni.

Na kira wayarki har na gaji, na kira ta Inna, duk ba sa shiga. Sai a labarai na ga an datse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa na tura wayar Mannir. Na san duk ranar da ya kai fasinja Zariya za ta shiga, ya kawo miki ita gida a aljihu. Ke ma ki rubuta amsa a ciki, in ya koma ta fito. Mun koma zamanin wasiƙa ke nan, mijinki ne ɗan aike.

Mun gama jarrabawa a Alƙahira, amma takardar shaida sai ƙarshen shekara. Na ga zaman ɗaki ba zai kai ni ko'ina ba, sai na zuba riga uku da bargo da littattafai a jakar goyo na yi kudu. Na san abin da za ki ce, kuma kin yi gaskiya, ban nemi shawarar kowa ba.

Bari in ba ki labarin inda nake kwana, ki ji daɗin yi mini dariya. A nan suna da wani irin masauki da suke kira lokanda. Ba ɗaki kake kamawa ba, gado kake kamawa. Tsakar gida ce fetal, an jera gadajen igiya kamar asibiti, da rana kowa ya ja nasa inuwa, da yamma a fito da su fili. Kayanka suna ƙarƙashin kanka. Makewayi ɗaya ne, kuma ba zan ɓata miki abinci da bayaninsa ba. A gefe akwai rumfa da manyan randuna na ruwan sha, wanda sanyinsa ya fi na firjinki. Irin randunan nan suna ko'ina a ƙasar nan, bakin titi, ƙofar masallaci, tasha, duk mai wucewa ya ɗiba ya sha.

Maƙwabcina na jiya wani ɗan Japan ne da ya taho da keke tun daga ƙasarsu. Shi ba wanda ya tambaye shi dalili. Ni kuwa duk ɗan sandan da ya buɗe fasfo ɗina sai ya ce zinariya na zo haƙa ko Libiya zan tsallaka? In na ce yawon buɗe ido nake, sai ya kira abokinsa su yi dariya tare. Ashe baƙar fata ba ya yawo sai da matsala.

Takalman nan da kika saya mini a kasuwar Gusau, masu jan maɗauri, waɗanda na ce na 'yan kamasho ne, na janye maganata. Su ne suka kawo ni nan. Maɗaurin na hagu ya tsinke a Wadi Halfa, na ɗaure shi da farar wayar caja, har yau bai motsa ba.

Yanzu ga ainihin maganar. Sawakin tsohuwar tashar jirgin ruwa ce, ta zama kufai, sai rusassun gidaje da kuliyoyi. A nan mutanenmu na dā da suka tafi Makka a ƙasa suke tsallaka teku. Na tsaya a bakin ruwan sai Kaka ya faɗo mini, Malam Dalhatu, wanda ya bar Iya da cikin Babanmu ya kama hanyar nan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sunansa aka ɗora mini, shi ya sa har na girma ban taɓa jin wata mace a gidanmu ta faɗe shi ba. Inna ta ce Baba Ƙarami, ke kika ɗauka, Iya kuma ta ce Maigida. Mutumin da nake ɗauke da sunansa, ko hotonsa babu. Raina ya ɓaci a wurin nan fiye da yadda na zata.

Don haka na yanke shawara zan taka garuruwan da ayarinsu ya ratsa, daga nan in yi yamma: Kasala, Sinnar, Kosti, har Ubayyid, sannan in juyo Khartum. Ki gaya wa Inna na bi hanyar Kaka, kada ta sa ido nan kusa.

Yayanki,
Baba Ƙarami.

*

Sabon Gari, Gusau,
tsakiyar Satumba.

Zuwa ga Yaya Baba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, Mannir ma haka, ya ce a gaya maka ɗan aike yana jiran tukwici. Ƙafar Inna da sauƙi. Gari dai shiru, ba waya, kasuwannin ƙauye a rufe, mai sai an sha wuya. In kana son sanin lafiyar mutum sai ka taka ka je.

Yaya, kai da ka yi karatu har ƙasar Larabawa, ba ka iya zaɓen magana ba? Na ɗauki wayar Mannir na shiga mota har Tsafe, muna tafe ana tsayar da mu ana duba buhuna, don kawai in karanta wa Inna wasiƙarka. Ta yi dariyar ɗan Japan, ta yi dariyar makewayi. Da na zo layin ƙarshe sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Shi ke nan."

Na ce mata tsaya Inna, hanyar yake nufi, garuruwa zai gani ya hau jirgi. Ta ce, "Ke yarinya ce. A gidan nan in anka ce mutum ya bi hanyar Kaka, mi aka nuhi?" Kuma ka san gaskiyarta ne. Ko akuya ce ta ɓace ba a gan ta ba, haka muke cewa. Kai ka manta, ko kuwa neman magana ne irin naka?

Abin da ya ƙara dagula ta shi ne rabin na biyu. Wai Iya ta sha gaya mata cewa ranar da Kaka zai fita, a bakin zaure ya juyo ya ce, "Kar ki sa ido nan kusa." Ni ban taɓa jin wannan ba. Kai ka taɓa ji? In ka sani ka rubuta, ba ka kyauta ba. In ba ka sani ba, to ni ma abin ya tsaya mini a rai.

Ta ƙi cin abinci ranar. Na kwana biyu ina lallashi, na ga kamar ta sauko, na dawo Gusau. Shekaranjiya sai ga ta a ƙofata da sassafe, wai Bungudu za ta wuce ta duba Iya. Ta ƙi zama ko ta sha koko. Tana rungume da sabon tulu a zane, na ce Inna tulu ya ƙare a Bungudu ne? Ta ce in kula da girkina.

Ka bar yawon nan haka. Ka ga teku, ka ga kuliyoyi, ya isa. Mu nan fargabar hanyar Funtuwa kaɗai ta ishe mu, duk ranar da Mannir ya fita sai ya dawo nake samun nutsuwa, ba sai ka ƙara mana da taka ba. Ka rubuto wani abu mai daɗi in kai mata, kuma wannan karon ka karanta shi sau biyu kafin ka turo.

Ƙanwarka,
Mansura.

*

Kosti,
farkon Oktoba.

Mansura,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Na ga saƙonki a Kasala. Wallahi ban san maganar bakin zaure ba, kuma na manta yadda muke faɗin abin akuya. Ki ba Inna haƙuri. Na zauna zan rubuto mai daɗin da kika ce, sai wani abu ya faru da ya hana ni. Lafiyata lau, kada ki tsorata, amma wannan ke kaɗai za ki karanta.

Kasala gari ne mai kyau, duwatsu a bayansa sumul kamar an wanke, ga mata masu dafa gahawa da citta a gindin kowace bishiya. Akwai Hausawa da yawa, jikokin mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanya. Na yi ta tambaya ko wani ya taɓa jin Malam Dalhatu na Bungudu. Ba wanda ya sani.

Ran nan da tsakar rana, irin zafin da ko ƙuda ba ya tashi, kowa a lokanda ya ja gadonsa inuwa ya yi barci. Ƙishi ya tashe ni, na je rumfar randuna na ɗaga murfi. Kafin in sa moɗa sai na ji murya daga ciki, can ƙasa kamar mai magana a rijiya. Muryar mace ce, tsohuwa. Ta ce, "Dalhatu." Ta sake cewa, "Dalhatu ɗan Rahama, taho gida."

Na leƙa, ruwa ne kawai da fuskata. Na zagaya bayan rumfar, katanga ce. Ban amsa ba, kuma ba jarumta ba ce. Malamai da 'yan sanda ne suke kirana da sunan nan. A muryar mace, da Hausar gida, kunnena bai san shi ba, sai na tsaya kamar wanda ake kiran wani a kusa da shi.

Da na koma, gadon da ke gefen nawa, wanda babu kowa a kai tun zuwana, sai na tarar da wani dattijo a zaune. Siriri ne, riga fara da ta koma ruwan ƙasa, da gora da sanda, ƙafarsa ba takalmi, duk ta tsattsage. Na yi masa sallama da Larabci, ya amsa da Hausa, irin ta Iya sak.

"Samari, ina hanyar yamma? Na daɗe kwance, ta ɓace mini."

Na ce ni ma yamma na nufa. Ya ce, "Madalla, mu tahi tare." Ya tambaye ni ko auduga ta yi kyau bana, ko gulbi ya kawo ruwa. Na ce wane gulbi, Baba? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Na ɗan juya in ɗauko masa burodi a jaka, na waiwayo babu shi. Da na tambayi mai lokanda, ya ce gadon nan ba wanda ya kama shi tun makon jiya, ya kuma ba ni shawara in rage yawo a rana.

Na ce zafi ne. Na hau mota zuwa Sinnar, tafiyar yini guda. Na sauka a wani lokanda da ni kaina ban san zan sauka a nan ba sai da mai a-daidaita ya kai ni. Washegari da tsakar rana randa ta yi kira, na juyo, yana zaune a gadon gefe yana kakkaɓe ƙura daga ƙafarsa. A nan Kosti ma haka. Yanzu ko randar bakin titi na wuce da rana sai na ji, har na koma sayen ruwan roba.

Ba ya ba ni tsoro, abin da ya fi damuna ke nan. In yana zaune sai in ji kamar ina zauren gidanmu. Amma tun ranar farko wani abu yake jana ta yamma, kamar an ɗaura mini igiya a ƙirji. Abinci ba ya shiga. In na tsaya sai ƙafafuna su yi ta ƙaiƙayi. Shi kuma kullum maganarsa ɗaya, "Mota ta mi? Hanya na nan, ni da kai mu taka." Na san abin da ke bayan Ubayyid, daji ne da rairayi da masu bindiga har Chadi. Duk da haka jiya na kama kaina ina duba taswira ina cewa ai ba nisa.

Ina da tambaya ɗaya. Sunan Inna Delu. Wace ce Rahama?

Yayanki.

*

Gusau,
tsakiyar Oktoba.

Yaya,

Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Saƙonka ya yi kwanaki a hanya saboda motar Mannir ta lalace, ina karantawa na ɗauki mayafi na tafi Bungudu.

Kiranye suka yi maka. Na sa Inna a ɗaki na rufe ƙofa sai da ta faɗa. Ka san shi, abin da tsofaffi ke yi wa wanda ya yi nisa ya ƙi dawowa. Sabon tulu ake samu wanda bai taɓa ganin ruwa ba, a tsaya da tsakar rana a fuskanci inda mutumin yake, a sa baki a ciki a kira sunansa na yanka haɗe da na uwarsa. Wai duk inda yake ba zai sake samun sukuni ba sai ya taho. Na ce Inna wannan ba kyau, addu'a ba ta ishe ku ba? Ta ce ta yi addu'ar, wannan ƙari ne.

To ga inda aka samu matsala. Inna ta durƙusa ta sa baki a tulu, suna ya ƙi fita. Ta ce mini, "Ɗan fari na, kuma sunan surukina. Kin taɓa jin na hwaɗe shi? Na buɗe baki sai harshe ya yi nauyi." Ta gwada ta gwada, tana kuka. Iya tana zaune a tabarma tana kallonta, can sai ta ce, "Miƙo nan." Ita ta yi kiran. Inna ta koma gefe ta toshe kunnuwa don kunya, ba ta ji abin da aka faɗa ba. Tun ranar kuma kullum rana ta take sai Iya ta ɗauki tulun ta zagaya bayan ɗaki.

Na je na sami Iya. Yaya, ba ka ga yadda ta koma ba. Matar da sai an ɗaga ta, na tarar ta share tsohuwar turakar nan da aka mayar wurin ajiye dawa, ta sa an fitar da buhunan. Ta ƙunsa lalle. Kullum sai ta sa an dama fura an rufe da faifai, ba ta sha, ba ta bari a sha.

Na ce, "Iya, wace ce Rahama?"

Ta ce, "Uwar mijina. Ina kika ji ta?"

Na ce, "Iya, ɗan Delu aka ce ki kira."

Ta yi ta kallon lallen hannunta. Sannan ta ce, "Ni dai na buɗe baki, abin da yah hito ke nan. Guda na sani mai sunan nan."

Na tambaye ta me ya hana ta kira shi tun tuni, tun tana da ƙuruciya. Ta ce mace ba ta kama sunan mijinta, kuma surukanta sun ce wanda ya nufi Makka ba a juyo da shi. Ta ce, "Yanzu duk sun mutu, kunyar ma ta tsuhwa." Har da 'yar dariyarta.

Na nemi tulun in fasa, ta ɓoye shi. Inna ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba, za ta zauna a Bungudu. Ban gaya mata labarin dattijon ba.

Ka saurare ni, ko sau ɗaya a rayuwarka. Ban san me yake zama a gefen gadonka ba, kuma ba na so in sani. Ba kai ake kira ba, amma sunanku ɗaya, kuma kai ne mai rai a kusa da randar. Kada ka amsa. Ko a zuci kada ka ce na'am. Kada ka bi shi ko nan da bakin ƙofa. Ka riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ka hau motar Khartum yau ɗin nan. Takardar shaidar ta bi ka daga baya.

Mansura.

*

Gusau,
farkon Nuwamba.

Yaya Baba,

Assalamu alaikum. Layin Gusau ya dawo, na kira lambarka ba adadi, ba ta shiga. Na ji a rediyo sojoji sun karɓi mulki a Sudan, su ma sun datse waya. Ina gaya wa kaina dalilin ke nan. Ban san ko ka ga saƙona na baya ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya ta rasu ranar Talatar da ta wuce. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Zan gaya maka yadda Inna ta gaya mini. Da tsakar rana tana tankaɗe a tsakar gida, Iya tana ƙofar turaka a zaune. Sai aka yi sallama a zaure, muryar namiji. Inna ta amsa ta ce wane ne. Ta leƙa, ba kowa, sai zafin rana. Tana juyowa ta ga Iya a tsaye ba sanda, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana cewa, "Lale, lale. Sannu da hanya." Ta ce wa Inna, "Kawo ruwa da hurar nan, ki aje bakin ƙohwa, ki ba mu wuri."

Inna ta ajiye ta koma madafa. Ta ce tana jin Iya tana magana ƙasa-ƙasa, tana dariya irin wadda ba ta taɓa ji a bakinta ba, wata murya kuma tana amsa mata. Ta kasa tashi ta duba. Da aka kira la'asar ta ji shiru, sai ta yi ƙarfin hali ta shiga. Iya tana kwance a gefen gado, fuskarta a rufe, ta cika. Ƙwaryar fura babu komai, ta ruwa ma haka. Tulun yana ƙarƙashin gado ya rabe biyu.

Mun iso kafin a kai ta. Gida ya cika da mata, takalma birjik a ƙofar ɗaki. Da yamma kowa ya sa nasa ya tafi, aka bar guda a ƙofar turaka, an jera su daidai, bakinsu yana kallon ciki. Inna ta ce wani mai gaisuwa ne ya manta. Na sunkuya zan kawar da su.

Jan maɗauri ne, Yaya. Na hagun an ɗaure shi da farar wayar caja. Ƙasansu ya cinye har ya huje, akwai wani jan rairayi a ciki wanda ba irin na ƙasarmu ba. Ni na saye su, na san rumfar, na san yadda na yi ciniki.

Na sa su a jakata ban gaya wa kowa ba, ko Mannir. Inna tana ta cewa in an same ka a gaya maka a hankali, ka san yadda kuke da Iya. Ni kuwa ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa, ban san ta mutum nawa nake karɓa ba.

Don Allah in kana raye ka rubuto ko kalma ɗaya ce. Wa ya yi sallama a zauren nan?

Mansura.

*

Khartum,
tsakiyar Nuwamba.

Ƙanwata Mansura,

Ina raye. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci kamar ba gobe. Yau layi ya ɗan buɗe, saƙonninki biyu suka shigo tare, na karanta su a tsaye a bakin titi, na zauna a ƙasa na yi kuka, mai shayi ta ba ni ruwa. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta. Ki yi wa Inna gaisuwa kafin in zo in yi da bakina.

Gargaɗinki bai same ni ba sai yau. Na isa Ubayyid, kuma ba zan ɓoye miki ba, na riga na yarda zan bi shi. Na sauka a wani lokanda kusa da tasha, na rabar da bargona da littattafaina don jaka ta yi sauƙi. A lokacin abin bai yi mini kama da hauka ba.

Ranar Talatar, rana tana take, kiran ya zo. Wannan karon ban ɗaga murfi ba, daga gadona na ji shi, duk randunan rumfar suna faɗa tare. Dattijon ya miƙe ya ɗauki gorarsa. Ni ma na miƙe, na goya jaka. Na'am ɗin tana bakina, Mansura, har na ja numfashi. Sai ya ɗaga sandarsa ya tare ni a ƙirji.

"Tsaya. Kai ɗan wa ne?"

Na ce ɗan Delu.

"Wace Delu?"

Na ce matar Ahmad na Bungudu, wanda ubansa ya tafi Makka ya bar shi a ciki.

Ya sauke sandarsa. Sannan ya ce, "Ashe namiji ta haihwa."

Ya tambaya ko Babanmu yana nan, na ce ya rasu, ya bar mu mu biyu. Ya sunkuyar da kai ya yi masa addu'a. Ya ce uwarsa fa, ta yi wani auren? Na ce ko gidan ta ƙi bari, Baba ya yi ya yi ta koma Tsafe ta ƙi. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido. Ya ce, "Kai mi suka ce maka gida?" Na ce Baba Ƙarami. Ya yi murmushi, kuma wallahi murmushin Babanmu ne, har da karkata baki.

"To zamna, Baba Ƙarami. Ba kai anka kira ba."

Ya taka zuwa rumfar, ya ɗaga murfi, ya sa kansa a bakin randa ya ce, "Na'am. Ga ni nan tahe." Igiyar nan da na ce miki tana jana a ƙirji, nan take na ji ta saki, har sai da na dafa gado.

Zai fita na ga ƙasa tana tiriri, ga ƙafarsa a haka. Na tuɓe takalmana na ajiye masa. Ya juya su ya duba wayar cajar, ya ce, "Wanga ɗauri naka ba kyau, amma za ya kai." Ya sa ya fita. Na bi shi da gudu ba takalmi zuwa bakin ƙofa. Titin miƙaƙƙe ne, kana hango ƙarshensa, ba kowa a kai sai wani jaki a inuwa. Na koma na kwanta, ban farka ba sai magariba, da yunwar da ban taɓa ji ba.

Tun ranar nakan ɗaga murfin randa in kasa kunne. Ruwa ne kawai.

Duk shekarun nan Iya tana ce mini Maigida, tana cewa na ƙi kawo cefane, ashe riƙon ƙwarya nake yi wa mai abu. Ina kewarta ƙwarai, amma na kasa yi mata baƙin ciki.

Takalman ki mayar da su ƙofar turakar, yadda kika same su. Ba nawa ba ne yanzu. Na sayi silifa a kasuwa, da su zan hau jirgin Kano da zarar an samu wuri, Mannir ya zo ya ɗauke ni. Ki karanta wa Inna wannan layin kaɗai, na duba shi sau biyu kamar yadda kika ce: ina tafe gida, ta sa ido.

Kuma ki gaya mata kada ta ƙara wahalar da harshenta a kan sunan nan. Ta ci gaba da ce mini Baba Ƙarami, shi zan amsa.

Yayanki,
Baba Ƙarami.